Farar Toka a Shukar Zulma

Don Heber ya goga babban yatsansa a kan ganyen, farin abin ya fita, kore ya bayyana a ƙasa. Ya ɗago yatsan ya duba, ya sansana, ya share a wando. Shekaranjiya ma haka ya yi, ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma har bayansa ya ƙage, ya shiga gida yana bugun ƙirji wai ya gama da shi. Ga shi yau Lahadi abin ya dawo, har ya gayyato 'yan'uwansa. Sai ka ce an ɗebi toka an barbaɗe shukar da ita.

Tushe shida ne a cikin manyan bokitai, iyakar abin da doka ta yarda mutum ya shuka a gidansa, kuma wiwi ce. E, wiwi, a bayan gidan Don Heber Techera! (A wajenmu Don da Doña lakabin girmamawa ne na dattijo da dattijuwa.) Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin da ke zuwa unguwarmu ta Cerro ya san nauyin wannan magana. Shekara da shekaru mutumin nan yana riƙe da sitiyari, kuma da ya ji ƙaurin abin a jikin yaro, sai ya taka birki a tsakiyar titi ya buɗe ƙofa. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Madubi kawai zai kalla ya ce, “Mai jar riga, sauka,” motar kuma ba za ta motsa ba sai an sauka. Ranar da aka halatta shukar, a shagon aski ya tsaya ya ce ƙasar nan ta gama lalacewa, na ƙarshen fita ya kashe fitila.

To, sai hannun matarsa Zulma ya fara rawa. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, ita da ta ɗinka wa rabin matan layin kayan aure. Daga baya cokali ya gagare ta, daga baya ƙafafu suka riƙa ƙagewa suna hana ta barci. Likitarta ta ƙara ƙwayoyi, ta rage, sannan wata rana ta ce a gwada man wiwi, ɗigo kaɗan a ƙarƙashin harshe. Ta faɗa musu gaskiya, ba warkewa ba ce, sauƙi ne. Sauƙin kuwa ya samu. Zulma ta koma barci, ta koma riƙe filas da kanta tana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin nan namu mai ɗaci, ba tare da ta ƙona kowa ba. Man kanti ya fi ƙarfin ɗan fansho, don haka Don Heber ya haɗiye maganarsa, ya je wani gidan waya na can ƙarshen gari inda ba a san shi ba, ya yi rajistar mai shuka. Da ya dawo sai ya kafa rumfa a bayan gida, farar leda a sama don rana, baƙa mai kauri a gefe huɗu don idon mutane. Idon mutane kuwa a layin nan sunansa Doña Gladys, maƙwabciyarsu, wadda shingen waya ne kawai ya raba tsakar gidanta da tasu.

Yanzu Afrilu ne, furen ya kumbura ya fara danƙo, saura 'yan makonni a yanke. Kwalbar man bara kuma saura ɗan kaɗan a gindi. In wannan shuka ta lalace, babu wani mai sai baɗi, kuma ya san yadda Zulma take kwana in babu shi.

Ya fito daga rumfar gumi na bin wuyansa, ko da yake safiya ce mai sanyi. Ya shiga ɗakin ajiya, ya miƙa hannu can sama ya sauko da wani gwangwani mai tsatsa a baki.

“Tsoho, me ka ɗauko?”

Zulma ce a ƙofar kicin, da rigar sanyi a kafaɗa, ta jingina da ƙyaure.

“Maganin da na yi wa tumatir bara ne. Feshi ɗaya ya share komai.”

“Mai hoton ƙoƙon kan mutum ɗin nan?”

“Kaɗan zan sa, tsohuwa. Ɗan mitsitsi.”

“To me zai sa ka wahalar da kanka da feshi? Kawo cokali ka zuba min in sha kai tsaye.”

Ya tsaya da gwangwanin a hannu. Gaskiya ta faɗa, kuma ba abin da ya fi ba shi haushi kamar ta riga shi ganin gaskiya. Duk abin da ya taɓa furen nan a bakinta zai ƙare. Ya mayar da gwangwanin inda ya ɗauko, ya tura shi can baya.

“Je kasuwa ka tambayi masu sayar da shuke-shuke,” in ji ta. “Ka tafi da ganye su gani.”

“In ratsa gari da ganyen wiwi a aljihu? Ni?”

“A'a, Paparoma.”

Abin da ya yi daga nan, wallahi ba don na san shi ba da na ce sharri ake masa. Ya tsinko ganye ɗaya, ya ɗauko almakashin ɗinkin Zulma, ya datse yatsun ganyen kaf, ya gyara gefe da gefe har ya zama ɗan murabba'i kamar kan sarki. Ya saka shi a kwalin ashana. Wai yanzu ko malamin gona ba zai gane ganyen mene ne ba.

Akwai kasuwar Lahadi a nan kusa, tafiyar ƙafa, amma ina! Ya sa filas ɗin mate a hammata kamar yadda kowa ke yi a nan, ya hau bas mai zuwa tsakiyar gari. Direban yaronsa ne a da, shi ya koya masa tashi da mota a kan tudu ba tare da ta zame baya ba.

“Maigida! Ina zuwa da wannan uban gayu? Doña Zulma ta sani?”

“Kalli gabanka, ka kusa kwashe mai keke.”

“Ya jikin nata? An daɗe ba a gan ta a waje ba.”

“Lafiyarta ƙalau. Ido ne kawai yake ɗan damunta.”

Amsar da suke ba kowa ke nan, shi da ita, tun da ta rufe keken ɗinki. Ya wuce kujerar baya ya zauna, hannunsa a kan aljihu har aka iso.

Kasuwar ta cika maƙil, ga masu cuku, ga masu tsofaffin littattafai, ga tsuntsaye a keji suna ta surutu. Ya wuce rumfuna biyu na masu shuke-shuke saboda samari ne a ciki masu dogon gashi, irin waɗanda ya saba saukewa. A ta uku ya tsaya. Mace ce da za ta yi hamsin, da malafa a ka, hannu duk ƙasa. Ana ta kiranta Iris daga ko'ina, tana amsawa da muryar da za a ji daga bakin teku.

“Baba, me za a ba ka? Ga latas, ga albasa, yanzu ne lokacinsu.”

Ya matso kusa, ya waiga hagu da dama, ya buɗe kwalin ashanar. “Kabewata ce ta yi wannan farin abin.”

Iris ta ɗauki ɗan murabba'in ta ɗaga shi sama ta juya. Ta murza shi tsakanin yatsu ta kai hanci. Sai ta kwashe da dariya har malafar ta zame.

“Kabewa! Baba, ranar da za ka yi miya da wannan kabewar ka gayyace ni, zan zo da kwanona.”

“Don Allah rage murya, 'yata.”

“Wa zai kama ka? Ba ka yi rajista ba ne?”

“Na yi.”

“To mene ne na yi wa ganye kaciya?”

Wata mata da ke zaɓen tukunyar fulawa ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Don Heber ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ya kwashi kwalinsa ya bar wurin, amma in ya bar nan ina za shi?

“Ba ni nake sha ba,” ya ce. “Mai nake yi wa matata. Jikinta ne yake rawa.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Iris. Ta share hannu a riga, ta ture wani kwando, ta jawo masa akwatin katako ya zauna.

“Yi haƙuri, Baba, bakina ne ba shi da birki. Sun yi fure?”

“Sun yi. Saura kaɗan a yanke.”

“Ka fesa musu wani abu?”

“Na so in fesa na tumatir, ta hana ni.”

“Allah Ya yi mata albarka, ta fi ka kai.”

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta fito da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa. Ya karɓa ya nesanta ta da idonsa yana karanta takardar jiki.

“Ai maganin ƙwari aka rubuta a nan. Ni ban ga ƙwaro ko ɗaya ba.”

“Ba ƙwaro ba ne, funfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a tsohon burodi. Wannan kuma man darbejiya ne da sabulu. Don ƙwari aka yi shi, amma yana hana tokar nan zama a ganye. Saurare ni da kyau. Ganyen da ya yi fari sosai ka yanke, ka ƙulle a leda, ka kai shara. Sauran ka fesa musu in rana ta yi sanyi, sama da ƙasan ganye, in ka fesa da tsakar rana ƙona su za ka yi. Fure kuwa kada ɗigo ya taɓa shi, ba a kan harshen matarka za mu yi gwaji ba. In kuma ka ga farin a cikin furen kansa, wannan ya tafi, ka yar. Kada ka ce za ka wanke, kada ka ce asara. Ka ji ni?”

“Na ji.”

“A ina suke? Fili ko ɗaki?”

“A rumfa.”

“Gefe nawa ne a buɗe?”

Ya shiga juya kwalbar a hannu.

“Baba, gefe nawa?”

“Akwai 'yar ƙofa da nake shiga. Ina rufewa.”

Iris ta ɗora hannu biyu a ka. “Wayyo ni! Ka sa su a tukunya ka rufe da murfi, a wannan laimar ta Afrilu! Kuma na rantse kana juye musu jiƙaƙƙen ganyen mate a gindi.”

“Ai taki ne.”

“Kowa a ƙasar nan haka yake cewa. A fili taki ne, a cikin leda jiƙa ce kawai kake ƙara musu. Ka kwashe shi. Baba, bari in faɗa maka tsakani da Allah, kwalbar nan rabin magani ce. Ɗaya rabin iska ce, ita kuma ba ni da ita a tebur. In ba ka cire ledar nan ba, ka fesa yau, jibi ta dawo, mako mai zuwa ta shiga furen duka.”

“Maƙwabta fa? Ba ki san matar da ke kusa da mu ba. Ga kuma ɓarayin fure, yanzu ne lokacinsu.”

“Ɓarawo wataƙila ya zo, wataƙila bai zo ba. Wannan ta riga ta shigo, tana ciki tana ci. Maƙwabciya kuma magana za ta yi, magana ba ta hana matarka barci.”

Ta naɗe masa kwalbar a tsohuwar jarida. Yana tashi ta ƙwala masa kira ta saman kawunan mutane, “A gaida kabewa!” Bai waiga ba.

Tun daga bakin layi ya hango hayaƙi yana tashi daga gidan Gladys. Ashe yau ne 'ya'yanta da jikokinta suka zo gashin nama. An fito da dogon tebur tsakar gida, rediyo na ta ihun ƙwallo, yara na guje-guje a jikin shingen. Duk ranakun Allah a rasa wadda za su taru sai yau!

Ya shige rumfa ya ja ƙofar. Ya fara neman dabarar da za ta raba shi da kunya. Ya sa wuƙa ya tsaga ledar ta gefen da ke kallon bangon gidansu, ya kara hannu a wurin, ko sauro bai ji ya shigo ba. Ya ɗauko fankar ɗakin kwana, wayar ta ƙare tun a ƙofar kicin. Ya mayar da ita yana tsaki. A ciki kuwa ruwa ne ke taruwa a rufin ledar yana ɗiga masa a ƙeya, wurin ya yi ɗumi kamar banɗaki bayan wanka.

Ya kwashe ruɓaɓɓen ganyen mate daga bokitan, ya ɗauki almakashi ya fara yanke fararen ganye. Tushe na farko, na biyu, na uku, furensu lafiya lau. Da ya iso na can lungu, wanda ya fi kowanne girma, wanda yake yi wa Zulma alfahari da shi, sai ya buɗa furen da yatsa ya gani. Farin ya shiga ciki. Ya duba wani reshe, haka. Ya duba na sama, haka. Shekaranjiya babu komai a nan, da idonsa ya duba.

Ya daɗe a tsaye kafin ya sa zarto a gindinsa. Da tushen ya faɗi, ya naɗe shi a buhu ya ƙulle, ya kifa bokiti ya zauna. Ba kowa yake jin haushi ba sai kansa. Wata shida yana shayar da wannan tushe, ya san barcin dare nawa ke cikinsa, ga shi a buhun shara.

Sai ya ji ledar tana motsi daga waje.

Ya leƙa. Zulma ce. Rabon da ta taka bayan gidan nan da rana tsaka har ya manta, kullum sai ta tabbatar Gladys ba ta waje take fitowa shan iska. Yau ga ta a fili, ta kama ɗaya daga cikin maƙalan shanya da ya danne ledar da su, tana ƙoƙarin matse shi. Yatsun suka ƙi. Maƙalin ya kuɓuce, ta sake kamawa da hannu biyu.

“Me kike yi? Koma ciki, suna waje.”

“Na ji ƙarar zarto. Nawa suka rage?”

“Biyar.”

“Me mai maganin ta ce?”

“Ta ce iska suke so.”

“To?”

Ta ci gaba da kokawa da maƙalin, leɓenta a cije, hannun na bugun ledar ɓat-ɓat-ɓat kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ya tsaya yana kallon hannun nan. Allah Sarki, hannun da ke saka zare a allura ba tare da an duba ba. Bai iya jure kallon ba. Ya matsar da ita gefe a hankali, ya kama saman baƙar ledar da hannu biyu ya finciko da ƙarfinsa na da. Maƙalai suka tarwatse. Ya zaga ya finciko gefe na biyu, da na uku, da na huɗu.

Tushe biyar suka bayyana a fili, dogaye har kafaɗarsa, ƙamshinsu ya tashi ya danne na gasasshen nama. Hayaniyar gidan Gladys ta ɗauke ɗif, ya rage rediyo kaɗai. Babban ɗanta Fabián yana bakin wuta da dogon cokali mai yatsu a hannu. Shi ne wanda Don Heber ya taɓa saukewa a tsakiyar ruwan sama yana saurayi, ya taka har gida a jiƙe. Yanzu ya yi tumbi, ya yi sanƙo, yana da 'ya'ya. Ya kalli shukar, ya kalli tsohon, ya sake kallon shukar.

“Don Heber,” ya ce a hankali, “wannan karon wa zai sauka?”

Teburin ya fashe da dariya, har wani ya ƙware da lemo. Don Heber ya tsaya da guntun leda a hannu, kunnuwansa na zafi, don ya san ya cancanta.

Gladys ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta taho bakin shinge. Ko kallon shukar ba ta yi ba. Idonta na kan hannun Zulma, wanda ke riƙe da maƙalin shanya yana ta karkarwa a jikin cinyarta.

“Zulma. Tun yaushe?”

“An kwana biyu.”

“Kika ce min ido ne. Na kawo miki siket ki rage min, kika aiko mijinki ya mayar min daga bakin ƙofa. Na yi ta tunanin laifin da na yi miki. Har kuka na yi, wallahi.”

“Kunya na ji, Gladys. Ban so a ga hannuna haka ba.”

“Kunyar wa? Ni? Ke da kika yi min wankan jego lokacin da na haifi wancan ƙaton banzan?” Ta nuna Fabián da haɓa.

Don Heber ya gyara murya. “Shukar tata ce, mai nake yi mata. Ina da takarda, bari in kawo ki gani.”

“Riƙe takardarka, maƙwabci. Tun Fabrairu layin nan yake warin abinka, har mai kawo wasiƙu ya tambaye ni. Mu duk mun zata tsufa ne ya zo maka da gardama ka fara busawa a ɓoye. Na ce oho, bayan duk wannan wa'azi!”

Tabɗi! Ashe wata biyu ana yi masa kallon ɗan wiwi a unguwa, shi yana can yana ƙara maƙalan shanya. Zulma ta dube shi, ta dubi Gladys, sai dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Gladys ta zaga ta ƙofar gida ta shigo, ta rungume ta tana faɗa tana share mata fuska da gefen riga.

Fabián ya miƙa wa ƙaninsa cokalin, ya tsallako shingen da ƙyar. Ya zaga bokitan yana girgiza kai.

“Kun cusa su wuri ɗaya kamar fasinjan safe. Kama nan, Don Heber, mu ware su.”

Suka jajjanye bokitan, kowanne ya samu fili, suka ɗaga farar ledar sama ta zama rufi kawai don raɓa. Fabián ya koma gidansu ya kwance wani tsohon kwanon rufi da suka jingina a shinge, wanda ke tare iskar da ke tasowa daga teku.

“Ka san abin dariya?” in ji shi yana haki. “Ni na bari tun da aka haifi 'yata ta fari. Ni na sauka, kai ka hau.”

“Ranar nan ruwa ake yi sosai,” in ji Don Heber, idonsa a kan bokiti.

“Sosai. Takalmina bai sake moruwa ba.” Ya dafa kafaɗar tsohon. “An ajiye maka haƙarƙari, kada ya huce.”

Da rana ta yi sanyi, baƙi sun watse, Don Heber ya dama maganin a ruwan ɗumi kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ya zuba a abin feshi. Warinsa kamar an haɗa tafarnuwa da tsohuwar gyaɗa, Gladys ta toshe hanci ta ce ko funfuna ce ita da ta gudu. Matsalar ita ce furen, yadda za a fesa ganye ba tare da an taɓa shi ba. Zulma ta ɗauko faranti daga kicin don ta riƙa kare shi, amma farantin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Gladys ba ta karɓe shi ba. Wuyan hannun Zulma ta kama ta tallafe, suka riƙa bin tushen tare, shi yana fesawa ta ƙasa, su suna karewa ta sama, suna yi masa tsiya wai ya jiƙa musu takalma.

Da suka gama, iskar yamma ta taso ta ratsa tsakar gidan, ganyen suka yi ta kaɗawa suna sheƙi.

“Biyar za su kai ni baɗi?” in ji Zulma.

“In suka riƙe zuwa ƙarshen wata, za su kai. Furensu tsab yake, na duba ɗaya-ɗaya. Zan ci gaba da dubawa kullum.”

Ya faɗa da gaskiyarsa, kuma ya ji nauyin da ke ƙirjinsa tun safe ya ragu. Amma da ya ɗaga kai ya kalli lungun da ke bayan gidan, sai fuskarsa ta sake ɗaurewa. Duk wanda ya biyo ta nan yanzu zai ga shukar sarai, katangar kuma ko yaro zai haura.

“Zan fito da katifa,” ya ce. “A nan zan riƙa kwana har a yanke.”

“Da wannan bayan naka?” in ji Gladys. “Mu wayi gari da marasa lafiya biyu? Tagar ɗakina nan take kallo, kuma kai da bakinka kake cewa ba ni da aiki sai sa ido. Kada ka musa, an faɗa min. Ko kyanwa ce ta bi ta lungun nan sai na san ta gidan wa ce. Ga karen Fabián, gobe zan sa ya kawo min shi. Ka bar min gadi.”

Ya sosa ƙeya ya ce ya gode.

“Ba kyauta ba ne. Kullum da yamma zan shigo shan mate, a nan waje ba a ɗaki ba, kuma Zulma ce za ta zuba. In ta zubar, ta zubar, ƙasa ce za ta sha.” Ta jawo kujera ta zauna daram. “Kuma ni da sukari nake sha.”

Don Heber ya buɗe baki. Tunda aka gina gidan nan sukari bai taɓa shiga ƙoƙonsa ba, kowa ya san ƙoƙon da ya ɗanɗana zaƙi ya lalace ke nan, ɗacinsa ba ya dawowa. Ya kalli tushe biyar ɗin suna kaɗawa. Ya kalli Zulma, wadda ta riga ta ɗauki filas, yana rawa a hannunta a gaban maƙwabciya, ba ta ko damu ta ɓoye ba.

“Cokali nawa?” ya ce.

“Biyu. A cika su.”

Ya ajiye abin feshin, ya wanke hannu a famfo, ya shiga kicin.